Kumbon Gwanjo

Lahadi, 10 ga Yuli 2005, bayan la'asar

Ana sanar da jama'ar Xiaobei, unguwarmu a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, da ta Kano, da duk wanda abin ya shafa, cewa yau da azahar an ba wani mutum shayi a kofina. Kofin tangaran ne mai zanen kifi biyu, da 'yar tsaga a baki wadda leɓena ya san inda take. Saratu, matata, ita ta miƙa shi da hannunta. Ba a yi girgizar ƙasa ba. Tuwon ma bai ƙone ba.

Wanda ya sha Haidar ne, yaron da na koya wa labarin ƙasa a sakandare a Kano, lokacin da ba ya iya nuna Sin a taswira sai an kama masa yatsa. Yanzu yana digirin digirgir a wata jami'a a unguwar Tianhe, a kan tangaran da ba ya jin wuta. Ya yi gemu, ya yi aure, har tumbi ya soma leƙowa. Ya zo da matarsa Zalika cin tuwo, kamar yadda rabin Hausawan garin nan ke hawowa falonmu su ci girkin Saratu.

Ana cikin ci talabijin ta nuno kumbon Amurkawa, Discovery, a tsaye, an manna shi da wani ƙaton tanki mai launin ruwan lemo. Za a harba shi cikin makon nan, karo na farko tun da ɗan uwansa ya tarwatse da mutum bakwai shekara biyu da suka wuce. Saratu ta tsaya da ludayi a hannu.

"Wai wannan ɗin ya taɓa zuwa ya dawo?"

Na gyara zama, na yi gyaran murya. Tun da muka yi aure duk tambayar da ta taso a gidan nan ni ake wa: me ke kawo husufi, ina Bosniya take, don me Sinawa ke shan ruwan zafi ana wannan gumi.

Ba ni ta tambaya ba.

Litinin, 11 ga Yuli, da safe

Na wanke kofin sau biyu. Ba don komai ba.

Alhamis, 14 ga Yuli, da hantsi

An ɗage harbawar. Wai ma'aunin mai ya ƙi aiki. Na ce da ma, kumbon gwanjo ne, tun zamanin da nake ɗalibi a Beijing ake hawansa. Duk wanda ya taɓa sayen motar Kwatano ya san ma'aunin mai ne ke fara mutuwa. Ba wanda ya yi dariya sai Zalika, ita ma don ladabi.

Bari in rubuta darasin da aka yi a kan tebur ɗina, don tarihi. Haidar ya tsayar da filas ɗin shayi ya ce shi ne tankin mai. Ya jingina masa ludayi biyu, ya ce rokoki ne. Sai ya waiga yana neman abin da zai zama kumbon, ya miƙa hannu ya ɗauki kofina.

Ya ce ludayan ne ke fara cicciɓar kowa. In mansu ya ƙare sai su rabu, su sauko da laima su faɗa teku, jiragen ruwa su janyo su, a gyara a sake ɗura musu. Filas kuma in aka shanye shi sai a sake shi ya ƙone a hanya, shi ba ya dawowa. Kofi kaɗai ke wucewa da mutane, yana kewaya duniya duk awa ɗaya da rabi. Bayansa akwai rumbu da zai ɗauki bas guda. A ciki ake kai tauraron ɗan adam, ko sassan tashar da ake ginawa a sama, ko abinci da ruwa ga mazauna tashar, a kwaso musu shara.

Na ce ashe dai jirgin dakon kaya ne, irin na filin jirgin Baiyun, sai dai ba kwastan.

Saratu ta ce, "To in ya dawo, sai a wanke a sake hawa?"

"Sai an duba shi tukuna, Mama. Wata da watanni ana dubawa. Babu inda ba a taɓawa."

"In an ga wani abu fa?"

"In an gani da wuri, a gyara."

Ta ce, "Uhm." Na san duk "uhm" ɗin Saratu, ina da su a jere kamar littattafai. Wannan ban taɓa jin sa ba, kuma ba ni aka yi wa ba.

Lahadi, 17 ga Yuli, da yamma

Wayarta ta yi ƙara, ta shiga kicin ta rufe ƙofa. Kicin ɗin da ko kyankyasai ba sa samun sirri a cikinsa.

Laraba, 20 ga Yuli, bayan magariba

Na wuni a garin Foshan da Alhaji Shitu, mai sayar da tayil a Kano, ina masa tafinta. Mai masana'anta, lawban kamar yadda ake kiransu a nan, ya ji tayin Alhaji ya ce, "Ka ce masa da wannan farashi sai dai ya je bakin kogi ya ɗebi laka." Na ce wa Alhaji, "Lawban ya ce saboda girmanka zai sake dubawa." Alhaji ya ce, "Ka ce masa ɓarawo ne, kuma tayil ɗinsa kamar biskit." Na ce wa lawban, "Alhaji ya ce kayanka sun shiga ransa, abin da ya hana shi tafiya ke nan." Kafin la'asar suna shan shayi suna dafa kafaɗar juna.

Sana'ata ke nan, kuma ba na jin kunyar cewa na iya ta. Magana tana shiga kunnena da ƙaya, ta fita bakina a fere. Ko lokacin rasuwar Inna, mahaifiyar Saratu, ni aka bugo wa. Na ce mata jiki ne ya ɗan matsa, kamar yadda ake yi. Ta hau jirgi ba kuka ba faɗuwa, har da bargo da man zafi a jaka. Dangi duk sun yaba min.

Na dawo na tarar ba ta nan. Da ta shigo ta ce ita da Zalika suka je neman kayan yaji. Na dubi hannunta na dama, na dubi na hagu. Ta ce, "Meyo," wato babu. A garin da ake sayar da busasshen kunama a buhu, wai yaji ne babu.

Na tambaya ko su biyu suka je. Ta ce Haidar ya raka su, saboda yare.

Saboda yare. A gidan tafinta.

Juma'a, 22 ga Yuli, da safe

Ta daina ɗaga babbar tukunya. Zalika ke zuwa ta sauke mata. Da ni ake kira, in yi mita, in sauke.

Asabar, 23 ga Yuli, bayan azahar

Haidar ya kawo wani farin dunƙule daga ɗakin gwajinsu, ya ce ɗan uwan tayil ɗin da aka shafe cikin kumbon da shi ne. Ya ɗora wa Saratu a tafi. Ba nauyi, kamar busasshen burodi. Ya ce sun haura dubu ashirin a jikin kumbon, kusan kowanne da siffarsa da lambarsa. In kumbo zai dawo, iska tana guga cikinsa har ya yi zafin da zai narka ƙarfe, tayil ɗin ne ke tsakanin wutar da mutane. Amma da farce za ka iya kwarzane shi.

Ni da nake kwana a kan tayil, nake tashi a kan tayil, na san mai ƙyalli da mai santsi da wanda ke fashewa kafin Apapa, ba wanda ya nemi ra'ayina. Na ba da shi duk da haka. Na ce abin da aka yi ta hawa ana sauka, wata rana sai ya ƙi. Na ce wannan karon ba lallai ya dawo ba.

Saratu ta ajiye dunƙulen a hankali ta ce, "Malam, ka ce in sha Allahu zai dawo."

Na ce ilmi ba ya son rarrashi. Ta tashi ta shiga ɗaki. Haidar ya tsura wa tabarma ido kamar an ba shi jarrabawa a kanta.

Laraba, 27 ga Yuli, da hantsi

Kumbon ya tashi jiya. A labaran safe an nuna wani guntun soso ya ɓalle daga tankin ya wuce ta gefen fiffike. Soson da ake lulluɓe tanki da shi don man ciki ya zauna da sanyinsa. Irinsa ne ya huda fiffiken wancan da ya tarwatse.

Saratu ba ta karya ba. Ko ruwa. Na ce azumi ake? Ta ce uhm. Yau Laraba. Na duba kalanda don kada in zalunci kowa: ba Litinin ba ce, ba Alhamis ba ce.

Ta fita da mayafinta mai ruwan toka.

Laraba, bayan la'asar

Ta dawo da filasta a lanƙwasar hannu. Wai mai ne ya fallatsar mata. Man gyaɗa mai basira, ya tsallake hannun riga ya sami wurin da ya dace.

Ban ƙara tambaya ba. Ina da abin da nake fushi a kansa, ya ishe ni.

Alhamis, 28 ga Yuli, bayan magariba

Yau kumbon ya yi abin da ban taɓa gani ba. Da ya kusa tashar sama sai ya tsaya, ya wuntsila a hankali, ya nuna baƙin cikinsa ga mutanen tashar suna ɗaukar hoto. Matar da ke jagorantar tafiyar ce ta juya shi. Haidar ya ce na cikin kumbo ba sa iya ganin ƙarƙashinsa, dole wani ya duba musu daga waje ya faɗa musu abin da ya gani.

Saratu tana zaune a bakin kujera, hannunta na dama a ƙarƙashin hammatar hagu, kamar yadda take zama kwanan nan.

"Haidar, waɗancan da suka rasu, an faɗa musu?"

"An ce musu soso ya bugi fiffike, Mama. Amma aka ce ba abin damuwa ba ne."

"Suka yi ta aikinsu."

"Suka yi ta aikinsu."

"Da ni ce, gara a faɗa min."

Ba ta kalle ni ba. Rashin kallon ma ya yi yawa.

Juma'a, 29 ga Yuli, bayan sallar Juma'a

A ƙofar masallaci, inda 'yan Uygur ke gasa nama, Alhaji Shitu ya kama hannuna a gaban mutane. "Malam Ghali, an ce ɗalibinka ya ƙwace maka alli a gida! Yanzu kai ne mai goge allo?" Na yi dariya har da dafa ciki. Na iya wannan ma.

Na tare Haidar yana ɗaure takalmi. Na ce, "Haidar, me kake yi da matata a Tianhe?"

Ya miƙe, fuskarsa ta canza. "Malam, don Allah. Da Zalika muke zuwa, ko yaushe."

"Ban tambaye ka da wa ba."

"Amana aka ba ni."

"A gidana?"

"Wallahi Malam, da za ta yarda, yau ɗin nan zan sauke maka kayan nan a gabanka. Sun fi ƙarfina. Ka tambaye ta."

Na ce ni ba na tambayar abin da aka ga bai kamata in sani ba. Magana mai kyau, na yaba wa kaina da ita har tashar bas. Daga nan ta daina daɗi.

Lahadi, 31 ga Yuli, da yamma

Ta daɗe a waya da Na'ima, 'yarmu da ke jami'a a Kano. Tana faɗa mata inda ta ajiye sarƙar Inna. Wa ya tambaya?

Talata, 2 ga Agusta, da safe

Kofin yana kan kanta. Na sha shayi a kofin roba na baƙi. Ba ta lura ba. A da, da ta lura.

Laraba, 3 ga Agusta, bayan magariba

Hotunan sun nuna wasu 'yan ƙyallaye biyu sun zazzago daga tsakanin tayil. Wai ƙanana ne, amma suna iya hargitsa iskar da ke bin cikin kumbon, zafi ya taru a inda bai kamata ba. Sai aka ɗaure wani mutum a bakin dogon hannun ƙarfe na tashar, aka zagaya da shi ƙarƙashin kumbon, inda ba wanda ya taɓa zuwa a sama. An ba shi hantsaki da ɗan zarto ko da za su yi gardama. Ya sa yatsu ya ja. Na farko ya fito. Na biyu ya fito.

Saratu ta ce, "Shi ke nan? Da yatsu kawai?" Ta yi dariya irin wadda na yi kewa, har da tafa hannu. Sai ta tashi ta shiga kicin. Na ji famfo yana zuba, ya daɗe yana zuba. Zalika ta bi ta.

Ni da Haidar muka zauna muna kallon tallar injin wanki kamar za a yi mana tambaya a kai.

Ta koya wa Zalika yadda take kaɗa miyar kuka ba gudaji. Ko Na'ima ba ta koya wa ba.

Asabar, 6 ga Agusta, da asuba

Ta juya ta fuskanci bango. Na ji ba barci take ba. Ita ma ta ji.

Lahadi, 7 ga Agusta, da yamma

Na ji ta ta ƙofar kicin: "Gobe da safe. A'a, Haidar. Sai na ji da kunnena tukuna."

Na bugo wa Alhaji Shitu na ce gobe ba Foshan, ciwon kai nake.

Litinin, 8 ga Agusta, bayan la'asar

Mutum mai furfura, mai karatu, wanda ya taɓa riƙe mataimakin shugaban makaranta, ya sa baƙin tabarau ya ce wa direban tasi ya bi waccan bas. Direban ya tambaye ni ko ni ɗan sanda ne a ƙasarmu. Na ce malami ne. Ya ce a, ya gane.

Na shirya wa kaina wurare da yawa a hanya: gidan shayi, lambu, kantin zinare. Na shirya abin da zan faɗa a kowanne.

Bas ta tsaya a gaban asibiti.

Ba zan ce na yi mamaki ba. A nan, inda ba mai karantawa, ba zan ce ba. Kishi yana da sauƙin ɗauka, yana da hannu kamar jaka. Ɗayan abin ba shi da wurin kamawa.

Na same su a hawa na uku, a kan benci. Zalika ta gan ni ta rufe baki. Haidar ya miƙe tsaye kamar na shigo aji. Saratu ko motsi ba ta yi ba.

"Tun daga tashar bas na gan ka, Malam. Wa ke sa zanna bukar da baƙin tabarau a garin nan in ba kai ba?"

Na zauna kusa da ita. Na ce, "Ina da yaren nan tun kafin yaron nan ya iya ɗaure wando."

"Na sani."

"To don me?"

Ta daɗe tana gyara bakin mayafi. "Na sauka a Kano da bargo, Baban Na'ima. Ina tambayar mutane wane asibiti aka kwantar da ita, suna kallon ƙasa. Bargon yana hannuna har cikin zaman makoki." Ta ɗago. "Ba na ce ka yi mugunta ba. Amma in likita ta yi magana, kai za ka ji, ni kuma in ji abin da ka ga zan iya ɗauka. Jikina ne."

Aka kira sunanta, an karya shi gida uku yadda suke yi. Haidar ya matso. Ta ce, "Zauna, ɗana, ka huta. Tunda ya zo."

Likitar mace ce, ƙarama, mai gajeren gashi. Ta maƙala hoto a jikin fitila, ta nuna da bayan biro, ta yi magana. Na ji kowace kalma. Kafin ta rufe baki harshena ya riga ya gama aikinsa, ya fere, ya goge, ya jera: ta ce ɗan ƙari ne, ba abin damuwa ba.

Saratu ba ni take kallo ba, likitar take kallo. Ta ce, "Yadda ta faɗa."

Na faɗa yadda ta faɗa. Ba zan rubuta kalmar a nan ba, na furta ta sau ɗaya da Hausa, ya isa. Na ce za a yi aiki mako mai zuwa. Na ce an gani da sauran lokaci. Likitar ta ƙara wata magana gajera, harshena ya so ya tsallake ta, na dawo da shi: ta ce tana da kyakkyawan zato, amma ba ta yi alkawari ba.

Saratu ta sauke numfashi. Ta ce, "Alhamdu lillahi. Ka ce mata na gode." Wannan kam ban sha wahalar fassara shi ba.

Kumbon bai sauka yau ba. Hadari ya rufe filin, an ce su ƙara kwana a sama.

Talata, 9 ga Agusta, bayan isha

Mu huɗu a falo, ba baƙi, Saratu ta ce yau ba tuwon sayarwa. Hadarin bai washe ba, sai aka karkatar da kumbon zuwa wani fili a hamada, can ɗaya gefen Amurka, inda gari bai waye ba tukuna. Haidar ya ce in ya shigo iska ba shi da injin da zai tura shi, sulalowa kawai yake yi kamar shirwa, kuma sau ɗaya ake gwadawa. In ya kuskure filin ba damar kewayowa.

Aka daɗe ba a ganin komai sai wani farin ɗigo a duhu. Saratu ta kama hannuna, ba ta saki ba. Ɗigon ya yi fiffike. Ya fito da tayoyi. Ya taɓa ƙasa, laima ta buɗe a bayansa, ya yi ta gudu, ya yi ta gudu, ya tsaya.

Zalika ta yi guɗa, a hawa na tara, a Guangzhou. Maƙwabcinmu ya buga bango.

Na tashi na haɗa shayi da kaina. Na zuba a kofi mai kifi biyu na miƙa wa Haidar. Ya ce, "Malam, naka ne." Na ce na sani, ya kula da tsagar, tana gefen hagu.

Saratu tana ta kallon kumbon a tsaye a tsakiyar hamada. Ta juyo, ni ta juyo wa.

"Malam, to yanzu yaya za a yi ya koma gida, tunda ba inji?"

Na gyara zama. Na yi gyaran murya. Na ce, "Ban sani ba. Haidar?"

Ya ce a bayan wani babban jirgi ake ɗora shi a kai shi.

"Goyo?" in ji Saratu. "Ƙato kamar wannan?" Ta yi ta dariya har ta riƙe gefen hagunta, ni kuma na riƙe ta.

Laraba, 10 ga Agusta, da safe

Na sauke babbar tukunya. Na yi mita, don kada ta ga canji.

Ana sanar da jama'a cewa na yi kuskure. Game da kumbon ma.